Tukunya Mai Tabon Wuta

A wani gari an yi wata mai ginin tukwane da ke koyon buɗe shago a intanet. Ta tsara shafi ya lalace, ta sake tsarawa ya lalace, har dai ya yi daidai. Ya rage saka hoto, ga shi duk tukwanenta na da tabon wuta.

Yayarta ta ce, "Ɗauko hoton tukunyar wasu ki sa mana. Wa zai sani?"

Ta ce, "Yaya, wanda zai buɗe kwalin zai sani." Ta sa hoton tata, tabon a fili.

Aka jima ba mai saye. Ran nan sai ga saƙon wani dattijo: "'Yata, mai tabon nan nake so. A irinta marigayiya mahaifiyata take yi mana miya."