Ƙarfen Lungun Inna Rahmatu

Ranar da abin ya faru, Mukhtaru yana zaune kan kujerar roba a tsakar gidansu na unguwar Utaibiyya a Makka, ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa, rana tana shirin faɗawa bayan duwatsu. Ya wuni a tashar Kudai yana jigilar alhazai da bas, gajiya ta shiga masa har ɓargo. Kayan gidan duk suna cikin kwalaye. An sayar da gidan ga wani mai gina masaukin baƙi, za a rushe shi, su kuwa za su koma wani bene a unguwar Shisha. Shi da matarsa Ummulkhairi sun riga sun bi layi gida-gida sun yi ban kwana, da Yamalawa da mutanen ƙasar Jawa da 'yan'uwa Hausawa, an nemi yafiya, an sha gahawa, mata sun yi kukansu.

Babban ɗansa Nawaf ne kaɗai bai gama da gidan ba. Tun yana ƙarami yake jin ana cewa kakarsa Inna Rahmatu, mahaifiyar Mukhtaru, wadda ta taho Makka da ƙafa daga ƙasar Sakkwato tana budurwa, ta binne zinarinta a tsakar gidan nan. Ba wanda ya ga zinarin, ba wanda ya ga ranar binnewa, amma magana irin wannan in ta shiga gida ai ba ta fita. Sai ya aro na'urar gano ƙarfe wurin abokinsa, wata sanda mai faifai a gindi, in an shafa ta bisa ƙasa ta ji ƙarfe sai ta kama tsuwa. Kwana da kwanaki yana yawo da ita kamar mai shara. Abin da ya samu bai wuce marafan kwalba ba, da ƙusoshi, da lanƙwasasshen cokali, da anini ɗaya mai huda. Tsakar gida ta koma kamar gonar da aka cire gyaɗa.

Lungu ɗaya ya rage, tsakanin tsohon murhu da bangon baya. Inna Rahmatu ba ta yarda a zubar da ruwan zafi a wurin, ba ta yarda a share shi da almuru, kuma in ta gifta sai ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Yaran ba su san haka ba, ta rasu suna ƙanana. Mukhtaru ya sani.

Yana kallo Nawaf ya kai faifan lungun, na'urar ta fasa wata tsuwa da ba ta taɓa yi ba. Yana kallo ya kafa diga, ƙasa ta ƙi, don ƙasar Makka ba ta san rarrashi ba. Yana ji Nawaf ya kira ƙanwarsa Arwa da Larabci, ya ce ta kawo ruwa a jiƙa wurin. Ita kuwa abin da ta tarar kusa da hannu shi ne butar shayi da ta tafasa. Bakin Mukhtaru ya motsa, zai ce ta bari, ko dai ta yi bisimilla. Sai ya tuna dogon bayanin da za a nema, da dariyar da za a yi masa a ce camfin tsofaffi ne, ga shi ko harshensa ya gaji. Ya ce a ransa, gidan da za a rushe. Ya yi shiru. Ta juye ruwan daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

Ƙasa ta sha, ta yi tururi. Nawaf ya tona ya zaro wani guntun ƙarfe mai tsini, tsawon tafin hannu, tsatsa ta cinye shi. Ya yi tsaki ya wurga shi cikin kwalin shara. Arwa tana nan tsaye da buta a hannu, ba ta motsa ba har sai da uwarta ta fito ta ja ta ciki.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce, ƙanana, tana sauka bisa kwanon rumfar kicin ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan ma ba shi da ƙarfi. Nawaf ya hau sama ya duba, babu kowa. Sannan aka fara jin kukan yaro daga wajen ramin, siririn kuka irin na wanda ya daɗe yana yi har murya ta dushe. Da an idar da sallar isha'i sai komai ya lafa, gidan ya yi tsit, shirun ma ya fi kukan nauyi.

Arwa ta daina cin abinci. Yarinyar da take jami'a, mai surutu kamar rediyo, ta koma zama a kusurwar ɗaki tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin goyo. Abin da ya fi tayar wa Ummulkhairi hankali shi ne harshen da take magana da shi. Arwa a Makka aka haife ta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Yanzu ga ta tana zuba tsohon Sakkwatanci, irin wanda ba a ƙara jinsa a gidan ba tun da aka ɗauki gawar Inna Rahmatu.

An kai ta asibiti, likita ya ce ta huta. An kawo wani Balarabe mai ruƙiyya, ya yi karatu har ya yi gumi, ta ba shi amsa da Hausa, ya tashi bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Ummulkhairi ta rame, kuka ma ta daina. Mukhtaru yana fita aiki yana dawowa kamar wanda aka ɗora wa dutse, don ya san abin da ya gani, ya san kuma abin da bai faɗa ba. Daga ƙarshe wani direba abokin aikinsa ya yi masa kwatancen Malam Abdulwasi'u, wani dattijo da ke bayan tashar Kudai.

Malam ya iso bayan la'asar, yana dafa bango saboda gwiwa. Bai zo da komai ba sai gorar zamzam da ganyen magarya a leda. Ya tsaya ya dubi ramukan tsakar gida, ya dubi na'urar a jingine, ya girgiza kai ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Nawaf ya sunkuyar da kai. Aka lulluɓe Arwa da mayafi, uwarta ta riƙe ta, Malam ya zauna daga bakin ƙofa ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can sai jikin yarinyar ya saki, wata murya ta fito, muryar tsohuwa, a gajiye.

Ya tambaye ta ko ita wace ce. Ta ce aljana ce, Musulma, tana wurin nan tun kafin a aza tubalin farko a unguwar. Ya tambaye ta me yarinya ta yi mata. Sai fuskar ta juya wajen mai gida.

"Muntari, kai za ka ba shi amsa. Kana zaune kana kallo anka ƙona mani ɗiya."

Mukhtaru ya ɗago ya dube ta. Duk Makka Abu Nawaf ake ce masa, ko Mukhtar. Mutum ɗaya ce take kiransa Muntari, Inna Rahmatu, ita ma tana maƙabartar Ma'alla a kwance.

Aljanar ta ce ƙarfen da aka tono gindin sandar Rahmatu ne, sandar da ta dogara ta ƙetare daji da hamada. Ranar da ta tare a gidan ta kafa shi a lungun ta ce daga nan zuwa bango naku, sauran namu, kada mu cuci juna. A bakin Rahmatu ma ita aljanar ta koyi Hausa, tana jin ta tana daka, tana faɗa, tana yi wa Muntari wanka. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Yanzu an cire iyaka, an dame su da tsuwar ƙarfe, an kwara wa ƙaramar ɗiyarta tafasasshen ruwa tana barci. Don haka ita ma ta riƙe tasu, ɗiya a madadin ɗiya.

Malam ya ce mata yarinya ba ta gan su ba, kuma ba a kama mutum da abin da bai sani ba, ita ma ta san haka in dai Musulma ce. Ya ci gaba da karatu yana yayyafa ruwan magarya. Ta yi nishi, ta ce to a yanka mata baƙin rago. Ya ce ba a zubar da jini don wanin Allah, ko da kaza ce, kada ma ta sake faɗa. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce ita ma me za ta yi da rago, baƙin ciki ne yake sa ta faɗin abin da ba shi ne a ranta ba.

"To faɗi abin da ke ranki, baiwar Allah. Magariba ta kusa, ni ma tsoho ne."

Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Kun bi gida-gida kun yi ban kwana. Har Bayamalen da kunka yi shari'a da shi kan magudana kun nemi yafiyarshi. Mu da munka fi kowa daɗewa da ku, sai a bakin masu awon fili munka ji za a rushe."

Kunya ta rufe Mukhtaru, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya tashi ya fita, ya zazzage kwalin shara da hannunsa har ya samo ƙarfen. Ya je lungun ya durƙusa gaban ramin, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya yi sallama kamar yadda Inna take yi. Ya ce su za su tashi, gida ya fita hannunsu, ba su da ikon hana rusau. Ya ce laifin ruwan nan nasa ne, ba na yarinya ba, shi ya sani ya yi shiru. Ya yi wa mai ƙuna fatan sauƙi. Sannan ya ce, mu yafi juna.

Daga cikin ɗaki aka amsa masa. Ta ce a cike ramukan, a fitar da na'urar nan, a bar gidan shiru zuwa Juma'a har ɗiyarta ta iya ɗaukuwa, su ma za su nemi wani dutsen. Ƙarfen kuma ya tafi da abinsa, ba sauran iyakar da zai tsare. Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa.

"Allah shi yafe muna baki ɗaya. Sai wata rana, Muntari."

Ƙafar Arwa ta hagu ta yi rawa, ta tsaya. Ana kiran sallah ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta nemi ruwa da Larabci. Ummulkhairi ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Mukhtaru ya kawo ruwan da kansa. Ya yi murna, wallahi ya yi murna, ya samu 'yarsa. Amma ya san kuma ba mai sake kiransa da sunan nan a duniya, wannan ma ya taɓa masa zuciya.

A Shisha babu tsakar gida, babu ƙasa, tayil ne ko'ina. Ƙarfen yana kan kanta kusa da Alƙur'ani. Mukhtaru har yanzu yana dawowa daga Kudai a gajiye, ya zube a falo ko magana ba ya so. Amma da ya ji Arwa ta ɗaga tukunya za ta tsiyaye ruwan zafi a wurin wanke-wanke, komai gajiyarsa sai ya ɗaga murya ya ce, "Bisimilla!"

Ita kuwa takan amsa daga kicin, da karyayyar Hausarta: "Na ce, Baba."