Kafintan Kusfa da Mai Ganyen Kurmi

A gajiye Sakinatu ta shiga shagon kafinta a Kusfa, da guntun katako a hannu. Wata uku ta yi a kurmin Kuros Riba tana tattara ganye da ɓawon itatuwa, tana tantance irinsu don digirinta na biyu. Wannan guntun ne ya gagare ta, don ruwa ya cinye takardar da ta liƙa masa.

Kafintan, Mika'ilu, ya karɓa, ya kankare gefe, ya shinshina.

"Itacen loko ne, Malama. Amma ke da alama hutu kike buƙata."

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga nan in ta taso daga jami'a sai ta biyo. Ta koya masa gane itace ta jijiyar ganye da fure, shi kuma ya koya mata ta ƙamshi da nauyi. Ya raɗa mata Ganyena.

Da ya tura manyansa gidansu a Ƙofar Gayan neman aurenta, mahaifinta Malam Abdulwahab ya ƙi.

"Ga Dakta Nabil abokin aikinta yana nema, sai in ba mai zarto?"

Shekara biyu ana abu ɗaya. Ta sake tafiya kurmi, tawagar har da Nabil. Sati biyar babu sabis. Sai wani ya nuna wa Mika'ilu hotonta da Nabil su biyu a gindin wata ƙatuwar bishiya. Ya rubuta mata:

"Ganyena, na gaji. In shi ne zaɓinki, Allah Ya sa alheri."

Saƙon ya same ta a motar dawowa, zazzaɓi yana kaɗa ta. Ta amsa:

"An tsayar da mu ne don a nuna kaurin bishiyar. Ni ma na gaji, Mika. Itace ɗari da arba'in na yi wa bayani, kai kaɗai na kasa sa Baba ya gane."

Kwana tara ta yi a asibiti. Kullum Mika'ilu yana kan benci a waje, ba ya shiga, ba ya tafiya. Ran na tara Malam Abdulwahab ya tsaya a kansa.

"Kai ba ka da aiki ne?"

"Ina da shi, Baba. Guduma ce na kasa riƙewa."

Tsohon ya zauna gefensa yana dafa gwiwa. Sannan ya ce:

"In na ba ka ita, za ka bar ta ta koma dajin nan?"

"In ta warke, ni zan kai ta tasha."

Malam ya sauke numfashi. "Nabil cewa ya yi sai ta daina. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ran Juma'a. Da za a kai amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya dafa kanta.

"Na wahalar da ku, Sakina. Ku je, Allah Ya hutar da ku, Ya albarkaci gidanku."

Daga bakin zaure Mika'ilu ya amsa a hankali, "Amin, Baba."