Ranar da Nusaiba Ta Je Gaida Inna Hajo

"Don Allah idan mun shiga, ki ce mata kin daina."

Nusaiba ta kashe motar a gindin wata ɗorawa, ta juyo ta kalli Ɗalhatu.

"Na daina me?"

"Yawon nan mana... Haba masoyiyata, kalma ɗaya ce fa!"

"Ƙarya ɗaya dai."

Nusaiba 'yar Karaye ce. Gidansu duk ma'aikatan ofishin hakimi ne, mutanen da ko Kano za su je sai sun bi dangi suna sallama. Ita kuwa Allah Ya yi ta da ƙafa. Ta bi ayarin raƙuman gishiri daga Agadas har Bilma, ta ratsa Tafkin Chadi a kwale-kwale, ta hau tsaunin Mambila ana sheƙa ruwa, duk kuma ta dawo ta mayar da su littattafai. Manema sun zo, suka ji labari, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ɗalhatu, malamin dabbobi a Rogo, shi ya tsaya, shi kaɗai kuma ta taɓa so. Abu ɗaya ya hana a sa rana: ya ce mahaifiyarsa ba za ta karɓi surukar da ba ta zaman gida ba. Abin da ya kawo su Gwangwan, garin da take zaune, ke nan yau.

Suka tarar da mahaifiyar tasa, Inna Hajo, a kan tabarma tana dama fura. Nusaiba ta durƙusa, aka gaisa, aka tambayi mutanen Karaye har da na goye.

"Ke ce mai tafiye-tafiyen?"

"Ai ta daina, Inna," Ɗalhatu ya yi caraf.

"Ban daina ba, Inna. Bayan sallah ma zan bi kogin Binuwai."

Ludayin ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Nusaiba ta ce a ranta shi ke nan, an gama.

"An ce har Mambila kin je?"

"Na je, Inna."

"Har yanzu gajimare yana saukowa kan shanu da safe, sai dai ka ji kukansu ba ka gan su ba?"

"Wallahi har yanzu!"

Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ikon Allah! A can fa aka haife ni. A bayan shanu na girma, yau nan gobe can. Ranar da aka kawo ni gidan nan aka ce tafiya ta ƙare, ban sake wuce kasuwar Rogo ba... To wa ya ce miki ni na hana?"

Nusaiba ta waiga ta kalli Ɗalhatu. Inna ba ta kalli ɗanta ba, ba ta kuma kama sunansa ba, don ɗan fari ne.

"Wancan ne ko? Ni dai na amince. A sa rana."

Da suka fito zaure, Nusaiba ta ce, "To, ka ji. Inna ta yarda."

Ɗalhatu ya jingina da bango.

"Tun farko ba Inna ba ce... ni ne. Lokacin da kike cikin Sahara, babu waya babu saƙo, abinci ya gagare ni. Duk baƙuwar lambar da ta kira ni, sai na ɗauka rasuwarki za a faɗa min. Ina son ki, Nusaiba, Allah Ya sani! Amma ba zan iya wannan zaman ba har tsufana."

"Me ya hana ka faɗa min da bakinka?"

"Da na faɗa, da dole ki zaɓa. Na kuma san abin da za ki zaɓa."

Ba ta musa ba. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan, gaskiya ya faɗa.

Inna ta leƙo tana gyara mayafi, fuskarta fal da murna.

"Kafin tafiyar za a sa, ko sai kin dawo?"

Nusaiba ta ba shi dama ya yi magana. Ya sunkuyar da kai.

"Ba za a sa ba, Inna. Amma in na dawo zan zo na ba ki labarin kogin."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon su biyun, sannan ta ce, "Allah Ya kai ki lafiya, 'yar nan."

Nusaiba ta tuƙa motarta tsaf, tana ɗaga wa mutane hannu har ta fita garin. Sai da gonaki suka rufe ta ta gangara gefen hanya, ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kukanta.