Taƙi Ɗaya da Rabi

Kwamfutar da ke kusurwar falo ta Amarya ce. Ita ta haɗa abarta tun tana gidan mahaifinta, ita ce kuma in ta taso daga kemis ɗin da take aiki take maƙala abin kunne ta shiga gem, wato wasan kwamfuta, har sai tukunya ta fara ƙauri a kicin. Amma ka tambayi duk wanda ka ga dama a dangin mijinta, ce maka zai yi ta Auta ce.

Auta, mijin nata, shi ne ya ɓallo ruwan, so ne kuma ya ja shi. Ranar da Mama, mahaifiyarsa, ta fara zuwa ganin ɗakinsu, ta tsaya a kan akwatin nan mai gilashi da fitilu, ta taɓe baki ta ce, "Wannan kayan shiririta na waye?" Kafin Amarya ta motsa baki ya yi caraf ya ce, "Nawa ne, Mama." Tun daga nan duk zaman da dangi za su yi sai an wanke shi tas, wai magidanci guda, mai gidan burodi da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya zauna yana wasan yara. Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Ita kuwa yabo take sha, yarinya mai haƙuri da ta iya zama da shi a haka. Yabon nan yana ƙona mata rai, amma tsoron kada ta zube a idon Mama ya ɗaure mata baki.

Sai katin girafik ɗin ya tsufa, wato abin da ke zana hoton wasan a kan allo. Sababbin gem suka koma tafiya suna tsayawa, ana tsakiyar wasa hoto ya daskare, abokan wasanta su yi ta mata tsiya. Auta ya ce ta zaɓi wanda ya fi kowanne, shi zai saya. Ta yi makonni tana bincike: wannan memorinsa, wato ma'ajiyarsa, ya fi yawa amma zafi gare shi, wancan ba ya zafi amma fankarsa ta cika ƙara, wani kuma cin wutarsa ya yi yawa. Da ƙyar ta tsayar da guda.

Shi kuwa bakinsa bai iya riƙe murna ba. Ya je ya faɗa wa Yaya, babban wansa, kuma Yaya ba a sayayya a gidansu bai sa hannu ba. Ya ce mai shagon kwamfuta abokinsa ne, shi zai kai shi da kansa.

"Yanzu don Allah me ya kai ka?" in ji Amarya. "Kai da ko kunna ta sai na nuna maka. In ya tambaye ka wani abu fa?"

"Zan gyaɗa kai, bebi. Na iya gyaɗa kai."

Yaya na waje yana danna hon. Ta maimaita masa sunan katin har ya haddace, sannan ta tuna da tsawo, don manyan katunan nan ba kowane akwati suke shiga ba. Ta nemi tef ɗin awo sama da ƙasa, ta tuna maƙwabciya ta ara ba ta dawo da shi ba. Hon ya sake tashi. Ta buɗe gilashin akwatin, ta ware babban yatsa da na tsakiya ta auna wurin.

"In babu wanda na zaɓa, ka ɗauki mai memori irin nasa. Amma kada ya wuce taƙi ɗaya da rabi. Ka ji ko?"

"Taƙi ɗaya da rabi," ya ce, ya fita da gudu.

Da la'asar suka dawo, kuma ba su kaɗai ba. Yaya ya biya ya ɗauko Mama, wai ta zo ta ga abin da autanta yake ɓata ƙuruciyarsa a kai. Amarya ta gaishe su ta kawo ruwa, idonta na kan kwalin. Ba wanda ta zaɓa ba ne, wancan ya ƙare a shagon. Wani ƙato ne mai fanka uku.

"Sai da na auna," Auta ya raɗa mata yana fara'a. "Daidai yake cif."

Ta dubi hannunsa. Hannun mutumin da ya tashi yana murza kwaɓin burodi ne, tafinsa ɗaya ya kusa yin nata biyu. Da nata ta auna, shi kuma ya je ya auna da nasa.

"To gwani, sa mu gani," in ji Yaya, ya harɗe a kujera.

Auta ya durƙusa gaban akwatin. Ya tura katin ta nan ya ƙi, ya juya shi ya sake turawa, wutsiyarsa na waje da kusan yatsu huɗu. Gumi ya keto masa. Ya fara dannawa da ƙarfi, Amarya ta ji wani abu ya ce ƙas, ta runtse ido.

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai ko shiriritar ma ba ka iya ba? Kullum kana gaban abin nan, amma ba ka san girman cikinsa ba."

Mama ba ta yi dariya ba. "Ni na gaji," ta ce. "Na yi faɗa, na yi nasiha, na sa an yi maka. Dubi yarinyar nan, kana gaban allo tana bautar gida, ko ƙorafi ba ta taɓa kawo mini ba. Ba ka jin kunyarta? Yau za a fitar da kayan nan daga gidan nan."

"To, Mama," ya ce a hankali. "A yi haƙuri."

Wannan "a yi haƙuri" ita ta ƙure Amarya. Haushinsa take ji kamar ta rufe shi da duka, tausayinsa kuma ya cika mata ido da hawaye. Ta durƙusa kusa da shi ta karɓe katin.

"Saki, za ka karya mini allon ciki." Ta juya ga Mama. "Mama, tawa ce. Ni nake wasan. Shi bai taɓa yi ba ko sau ɗaya, rufa mini asiri ya yi don kada ki tsane ni. Awon ma da hannuna na yi, shi ya sa bai shiga ba."

Yaya ya sauke ƙafarsa. Mama ta dubi ɗanta, sannan ta miƙe ta gyara mayafi.

"Wato ni kuka mayar dodo," ta ce. "Kuka zuba ido ina cin mutuncin ɗana a gaban jama'a a kan abin da bai yi ba." Ta fice, ko ruwan ba ta sha ba.

Abin da Amarya take tsoro ya same ta. In ta je gaisuwa, Mama ta amsa a daƙile ta kau da kai. Ta yi kuka ta gode Allah, Auta na lallashi tana ce masa ya rufe mata baki, ai shi da gyaɗa kansa suka ja. Amma ba ta fasa zuwa ba. Ta share tsakar gida, ta jera wa Mama magungunanta na hawan jini, ta yi sallama ko ba a amsa ba. Katin kuwa yana cikin kwalinsa, ba ta ko kalle shi ba.

A haka har zaman dangi ya zagayo. Ana tsakiyar hira wani kawu ya fara tsokanar Auta da wasan yara kamar yadda aka saba, sai Mama ta ɗaga hannu.

"A bar yaron nan. Bai taɓa wasan ba, matarsa ya kare. A gabanku na zage shi, a gabanku nake wanke shi." Ta juya ga Amarya. "Ke kuma matso. Ni ba son abin nake ba, kada ki ɗauka na canza. Amma ban taɓa zuwa na tarar da gidanki a hargitse ba. Gobe ki mayar da ƙaton nan ki zaɓo naki da kanki, ki bar aiken wanda bai san kan abu ba."

Amarya ta kifa kai a cinyarta tana hawaye. Ƙaryar da aka yi don so ma ƙarya ce, kuma wanda ake so ɗin ne yake ɗaukar nauyinta. Gaskiya kuwa ko ta jawo fushi, haƙuri yana sauke shi.

Auta ya matso yana washe baki. "Mama, ni zan raka ta shagon."

"Ka raka ta," in ji Mama. "Amma ka tsaya a bakin ƙofa."