Kwalta Marar Ƙara

A ƙauyen Lisoro kowa na da abin faɗi a kan Josefa 'yar Kaspar. Matan kasuwa sun ce bakinta ya fi barkono zafi. Tsofaffi sun ce ita kaɗai ke lura da wanda bai ɗora tukunya ba. Mahaifinta kuwa cewa yake duk mai son aurenta ya tanadi haƙuri buhu guda.

Kaupa bai ji ko ɗaya ba ranar da ya tsaya a rumfarta. Ɗan tsaunukan Simbu ne, shugaban leburorin da ke faɗaɗa hanyar garin Vanimo zuwa kan iyaka. Ya sayi ɗanyar kwakwa ya shanye, ya sake sayen wata.

"Cikinka tanki ne?" in ji ta.

"Yadda kike sarar ta nake son sake gani."

"To matsa, addar ba ta san baƙo ba."

Ya matsa, amma bai tafi ba. Kafin kwalta ta iso mahaɗar Lisoro yana kiranta Lewa, wato zuciyarsa, ita kuma tana ce masa Ɗan Dutse.

A mahaɗar nan matan gari ke tsallakawa daga fadamar sago, bishiyar da suke samun garin abinci daga cikinta, zuwa gida. Kowacce da bilum, jakar saƙa mai igiya a goshi, nauyi na lilo a baya, wuya ba ya juyawa. Da kunne suke tsallakawa. Tsohuwar hanya duk ramuka ce, tun daga gada ake jin mota na kwaramniya. Sabuwar kuwa sumul take, sai mota ta zo kanka za ka ji ta.

Wannan ne Josefa ta faɗa a taron da aka yi da kamfanin hanyar. Kaupa na zaune kusa da manyansa, sai ya yi dariya.

"An kafa allon gargaɗi fa. Yaro ma ya san ya duba dama da hagu. Ko matan Lisoro ba a ba su wuya ba ne?"

Maza suka tuntsire. Josefa ta zauna, kunnuwanta na zafi.

Ba a rufa wata ba, motar kaya daga kasuwar iyaka ta kwashe mahaifiyarta, Mama Teresiya, da sago a baya. Ta rayu, ƙugu ya karye. Samari suka sare bishiya suka tare hanya.

"Kada ɗan tsaunin nan ya sake taka ƙofata," in ji Kaspar. "Ga Linus mai bas, ɗan gida."

"Baba, ba na son Linus. Wancan kuma kada a ambata min shi."

Saƙo ya shigo wayarta: "Lewa, na ji abin da ya sami Mama. Na aika kifi asibiti. Direban ne ya yi mugun gudu."

Ta mayar: "Direba ya yi gudu, kai ka yi dariya. Ci kifinka."

Daga baya ta ji Kaupa ya tayar da rigima a ofis a kan mahaɗar har ya kusa rasa aikinsa. Ta kuma gan shi da idonta cikin rana, shi da yaransa, suna jera kunyoyi a kan kwaltar kamar na gona, tun daga gada har mahaɗa. Mota ta hau, ƙara ta cika gari. Aka janye bishiyar.

"Lewa, kin ji ƙarar? Yanzu ban biya ba?"

"Hanya ka gyara, Ɗan Dutse. Bakin da ya yi dariyar fa?"

Ta jefa wayar cikin kwando, ta sari kwakwar da babu mai saye.

Ran Asabar sai ga shi da kawunsa da damin rake. A wajen mutanensa, in an karya rake an ci tare, faɗa ya mutu, ba sai an tona ba. Kawu ya yi dogon jawabi. Kaspar, wanda ya kwana biyu yana jin ƙarar kunyoyin nan, ya sassauta ya karɓi nasa. Aka miƙa wa Josefa, ta harɗe hannu.

"Rake ne ya yi dariya a taro?"

"Josefa," in ji Kaspar, "kina kunyata baƙi."

"Ni a gaban gari aka kunyata ni, Baba."

Ta shiga ɗaki ta jawo bilum ɗin mahaifiyarta, cike da jiƙaƙƙen sago, ta dire a gaban Kaupa.

"Tsallaka da shi. A goshi. Ka duba dama da hagu."

Namiji ba ya ɗaukar kaya haka, yara har sun fara ƙunshe dariya. Kaupa ya dubi kawunsa, ya dube ta, ya sa igiyar a goshi. Josefa na kallo ya isa bakin kwalta. Ya yi yunƙurin waiwayawa, nauyin ya fizge shi har ya yi tangaɗi. Sai ya tsaya cak, kai a sunkuye, yana saurare. Can daga gada wata mota ta hau kunyoyin. Ya jira ta wuce, ya tsallaka, ya dawo gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Mama Teresiya, da ke kishingiɗe a tabarma da sandarta, ta yi dariya har ta dafe ƙugu.

"Kaspar, a sa musu rana. Allah ya yi musu albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin magana."

"Ni ban ji komai ba tukuna, Mama," in ji Josefa. Ta ɗauki guntun rakenta ta riƙe. "Faɗi da bakinka, in ci, a sa ranar."

Kaupa ya durƙusa da kayan a bayansa, ya ɗaga murya yadda na bayan shinge ma za su ji.

"Mama, an gaya mini gaskiya na yi dariya, ke kika biya da ƙashinki. Matan Lisoro, na raina ku. Lewa, na yi laifi. Ku yafe mini."