Ƙoƙon Farko

"Shekara uku, Litiana! Shekara uku kina ce mini hanyarki tana aiki. Ga takarda. Ina gubar?"

"Malama, na'ura ba ta ga guba ba don babu guba. Wannan ba saiwata ba ce."

"To ta wa ce? Ta kakata?"

A haka Sufeto Rokobuli ya same su, ƙarfe tara na safiyar Asabar, a ɗakin binciken sinadarai na jami'a. Ruwan birnin Suva na zuba kamar kullum. Ya kaɗe lemarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya buga waya ofishinmu?"

"Ni ce," in ji ƙaramar. Ita ce Litiana, ɗalibar digiri na uku. Babbar kuwa Dakta Urmila Sewak, mai duba aikinta.

"Me aka sace?"

"Damin yangona, Yallaɓai."

Sufeto ya dube ta sama da ƙasa. "Kin taso ni ranar Asabar a kan saiwar da ake dakawa a sha a gindin kowace bishiya?"

"Wannan na jiƙa ta da maganin ƙwari."

Ya ajiye lemar.

Ta yi masa bayani a gurguje. Masu sayen yangona a ƙasashen waje suna dawo da kaya idan suka ga ɓurɓushin maganin ƙwari. Aikinta shi ne ta samo hanyar gano shi tun a gida. Ana tura ruwan saiwar ta cikin wani siririn bututu, kowane sinadari ya rabu da ɗan'uwansa ya fito a lokacinsa, na'ura ta zana masa tsini a takarda. Yangona tsini shida take bayarwa. Gubar ita ce ta bakwai.

"Yau da safe na gwada, babu na bakwai. Kuma shidan ma ba irin jerin tawa ba ne. Tawa saiwar tsibirin Kadavu ce, shekararta bakwai a ƙasa, kaurinta kamar hannuna. Wannan ta kasuwa ce. An ɗauke tawa an ajiye wannan."

"Maganin da kika zuba, yawansa fa?"

"Mai yawa ne. Gutsura nake yi ina gaurayawa da mai kyau. Ƙoƙo ɗaya zai kwantar da ƙato. In ya ƙara, ba zai tashi ba."

Dakta Urmila ta nemi kujera ta zauna. Faɗan ya mutu.

"Kin manna masa alamar guba?" in ji Sufeto.

"Na manna."

Ya miƙa hannu kan teburinta ya ɗauko ƙunshin jajayen takardun alama. Ko ledarsu ba a farke ba.

Ta sunkuyar da kai. "Lamba kawai na rubuta da biro. Na naɗe shi a jarida don haske yana lalata maganin."

"Wace irin naɗewa?"

"Irin ta kasuwa. Ita na iya, Yallaɓai. Haka uwata take yi."

"Kin yi wa guba kwalliyar kai wa surukai ke nan." Ya juya. "Dakta, ina ake ajiye shi?"

"A kabad ɗin can. Kullum a kulle yake."

Ya je ya ja da yatsa ɗaya. Ƙofar ta buɗe.

"Tun watan jiya makullin ya lalace," ta ce a hankali. "Na rubuta wa ofis."

"Kun zama biyu. Wa kuma yake shigowa nan?"

"Waisake, mai kula da sito. Shekararsa goma sha huɗu tare da mu. Ko biro bai taɓa ɗauka ba."

Sufeto ya karɓi lambarsa ya kira. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka.

"Waisake, Sufeto Rokobuli ne. Kana ina?"

"Garin Lautoka, Yallaɓai. Asibiti. Yayata ce ba lafiya."

A bayan muryar akwai wata ƙara. Gwam. Gwam. Gwam. Taɓaryar ƙarfe a turmin ƙarfe.

"Yaushe aka fara dakan yangona a asibiti? Saurara, saiwar nan da ka..."

Layi ya mutu. Ya sake kira, waya a kashe.

"Ya fara dakawa," ya ce.



Sufeto ya warware jaridar da aka naɗe damin bogin da ita, ya shimfiɗa a tebur. Ta ranar Alhamis ce, shafin sanarwar rasuwa. A tsakiya an yanke wani ɗan gurbi da almakashi, yanka mai tsabta.

Ya fita cikin ruwan ba lema. Maigadin ƙofar jami'a ba ya zubar da jarida, da ita yake tare iska a tagar ɗakinsa. Suka zaro ta Alhamis. A gurbin akwai hoton wata tsohuwa: cikar kwana ɗari da rasuwar Marica, matar tsoho Ilaitia, a wani ƙauye a bakin kogin Rewa. Asabar, sha biyun rana.

"Surukar Waisake ce," in ji Dakta Urmila da ta ga hoton. "Bai je jana'izar ba, sun yi faɗa da tsohon. Matar Waisake ta tafi gida tun lokacin, ba ta dawo ba."

Sufeto ya duba agogo. Goma da rabi ta wuce.

"Neman gafara ya je, damin zai miƙa wa tsohon a sha. Litiana, ɗauko kwalba ki biyo ni."

Hanyar garin Nausori cike take da motocin kasuwa. Jiniya ba ta yi musu wani amfani ba. Ya kira caji ofis mafi kusa, aka ce kwale-kwalensu yana wurin gyara. Ya kira shugaban ƙauyen, ba ta shiga ba. Ranar taro irin wannan kowa kashe waya yake yi.

A mashigi suka tari wani mai kwale-kwale yana loda rogo.

"Aboki, sauke rogon nan."

"Rogon mutane ne, ranka ya daɗe."

"Zan dawo in loda maka da hannuna. Tayar da inji."

Litiana ta ƙanƙame kwalbar, leɓenta na motsi.

Sha biyu da minti goma suka taka tabon ƙauyen.

Zauren taro a cike yake, shiru kamar ba kowa. Maza zaune a tabarmi. Tsoho Ilaitia a can sama. Waisake a ƙasa kusa da ƙofa, kai a sunkuye. Babban akushin katako na tsakiya, cike da ruwa mai launin ƙasa. Mai miƙawa ya durƙusa gaban tsohon da ƙoƙon kwakwa a hannu biyu. Tsoho ya tafa sau ɗaya, ya karɓa.

Sufeto ya ratsa tsakiyar mutane a tsaye, da takalmi, da hula a ka. Abin da ba a yi.

"Baba, kada ka sha!"

Ya kai hannu ya kaɓe ƙoƙon. Ruwan ya fantsama a tabarma.

Zaure ya kaure. Wasu suka yunƙura. Tsoho ya ɗaga hannu, aka koma aka zauna.

"Ɗan gidan wa ne wannan, da ba a koya masa zama ba?"

Sufeto ya cire hula ya zube a gwiwa. "A gafarce ni, Baba. Ɗan sanda ne. Akwai guba a cikin akushin nan. Wani ya ɗanɗana?"

"Kafin ni? A gidana?"

Sai a lokacin Sufeto ya saki numfashi.

Litiana ta rarrafa bayan akushin ta jawo yagaggiyar jarida. Ga lambarta nan da biro. Ta ɗaga ta sama.

Sufeto ya sa wanda ya tace ruwan ya je ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a kai shi ɗakin shan magani a duba. Ya sa aka ware turmin da ƙyallen tacewa. Sannan ya juya.

"Waisake. Ya jikin yayarka?"

Waisake bai ɗaga kai ba. "Ni na ɗauka."

"Me ya sa?"

"Tun guguwar bara babu saiwa mai kauri a kasuwa. Na zaga Suva, na zaga Nausori, sai 'yan tsiraru kamar igiyar takalmi. Da wane ido zan ajiye wannan a gaban Baba? Ran Alhamis na buɗe kabad na gan ta a naɗe. Na ce ta gwaji ce, kowace iri ma za ta yi musu. Na rantse da Allah ban san an zuba mata komai ba."

"Shekara goma sha huɗu a ɗakin nan, ba ka san ba a kai komai baki ba?"

"Na sani, Yallaɓai. Amma yangona ce."

Tsoho Ilaitia ya daɗe yana kallon ƙoƙon da ke kife a tabarma.

"Surukina," ya ce. "Ka ƙi zuwa binne matata, yau kuma ka zo ka kai ni wurinta."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya toshe baki. Wani ya kama. Nan da nan zauren ya ɗauka, irin dariyar da ake yi ana share ido. Tsoho bai yi ba. Matar Waisake tana tsaye a bakin taga, ita ma ba ta yi ba.

Litiana ta cika kwalbarta daga akushin, ta toshe, ta manna mata jar takarda. Har biyu.

"Yau Malama za ta ga tsini na bakwai," ta ce.

"Ke ma da sauran maganarki a ofis. Ke da Malamar taki."

"Na yarda, Yallaɓai. Ko kwana zan yi."

Sufeto bai sa wa Waisake ankwa a gaban surukai ba. Sai da suka kai bakin ruwa. Ruwan sama ya ɗauke. Mai kwale-kwale ya tuna wa Sufeto zancen rogo, shi kuma ya ce bai manta ba.

Sun yi nisa a kogi kafin Waisake ya buɗe baki.

"Yallaɓai, kafin ku shigo na ajiye damin na yi magana. Baba ya ɗora hannu a kai, ya ce ya karɓa, komai ya wuce. Kowa ya tafa."

Waisake ya ɗago ya dubi Sufeto.

"To yanzu yafiyar nan tana nan, ko ta zube da ƙoƙon?"