Hannun da Baba Mai Faci Bai Sa Ba

A aji shida akwai wata yarinya da kowa ke kira Tsuntsuwa. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Kafin ka ce mata "je ki", ta je ta dawo. Ga ta da kyan rubutu, har Malam kan ba ta alli ta yi rubutu a allo.

Wani babban titi ne ya raba makarantarsu da unguwarsu. Da can duk ramuka ne, motoci suna bi a hankali. Da aka zuba masa sabuwar kwalta, sai direbobi suka samu abin da suke so. Mota kan wuce fuu, kamar an harba kibiya.

Wata rana da aka tashi daga makaranta, mai babur ya buge ƙanin Tsuntsuwa. Tana riƙe da hannunsa, ya fizge don ya ɗauko takalminsa da ya faɗi. Allah ya sa da sauran kwana. Amma ya karye a ƙafa, aka naɗa masa filasta tun daga gwiwa har idon sawu.

Iyaye suka taru a makaranta, ransu a ɓace. Kansilan unguwa ma ya zo.

"Ku rubuta wa ƙaramar hukuma takardar koke," in ji Kansila. "Ku faɗi abin da kuke so. A samu mutum ɗari su sa hannu. Idan ta iso kafin Litinin, zan gabatar da ita a zaman majalisa."

Malam ya rubuta koken. Suka roƙi a yi tudun rage gudu, da farin zanen tsallakawa, da gadar sama. Aka raba takardun sa hannu. Umma, mahaifiyar Tsuntsuwa, ta karɓi ta layinsu, mai gurbi talatin.

Umma tela ce. Ga ɗinkin mutane jibge a kan keke, ga jinyar yaro.

"Umma, kawo in kai," in ji Tsuntsuwa. "Yanzu-yanzu zan cika ta."

"Ki bi gida-gida," in ji Umma. "Ki gaishe su. Ki karanta musu abin da aka rubuta. Wanda ya yarda ya sa hannu. Wanda bai yarda ba, ki yi masa godiya ki wuce."

"To, Umma."

Ashe aikin ba wasa ba ne. Gida na farko, mai gidan ya tafi aiki. Gida na biyu, kare ya biyo ta har bakin kwata. A gida na uku wata tsohuwa ta sa ta karanta takardar sau uku, sannan ta ce sai ɗanta ya dawo. Ranar Asabar kuma aka wuni ana ruwa.

Ran Lahadi da yamma Tsuntsuwa ta zauna a bayan ɗaki ta duba. Mutum goma sha ɗaya kacal. Ta leƙa ta taga, ta ga ƙaninta kwance yana sosa cikin filastar da tsinken tsintsiya. Tausayinsa ya kama ta.

"Ai kowa yana son a gyara titin nan," ta ce a ranta. "Ko na je, yarda za su yi. Mene ne laifi in na taya su?"

Ta ɗauko biro uku, shuɗi da baƙi da ja. Ta san sunan kowa a layin. Ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Wani ta karkata rubutun, wani ta yi da hannun hagu. Na Baba mai faci, wanda ke gyaran taya a bakin titi, har da wata doguwar wutsiya ta ja masa.

Umma ta ga takarda cike. "Kai, Allah ya yi miki albarka! Har kin gama?"

"Na gama," in ji Tsuntsuwa. Ba ta kalli idon Umma ba.

Bayan mako guda, wata farar mota ta tsaya a gaban makaranta. Wata mata ta fito da hular kwano da fayil a hannu. Injiniya ce daga ƙaramar hukuma. Ta auna faɗin titi. Ta tsaya ta kalli yadda yara ke tsallakawa. Sannan ta ce za ta tambayi wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu, kamar yadda doka ta ce.

Rumfar Baba mai faci ce ta fi kusa. Tsuntsuwa tana tsaye a bakin ƙofar makaranta, tana jin komai.

"Baba, sannu da aiki. Wannan sa hannunka ne?"

Baba ya goge hannu a jikin riga. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Sai ya tuntsire da dariya.

"'Yata, ni da ban taɓa riƙe biro ba? Dangwale nake yi da babban yatsa. Wannan mai wutsiyar kam ba nawa ba ne. Amma ya yi kyau!"

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta shiga layin. Ta tambayi gida biyar, huɗu suka ce ba su ga kowace takarda ba.



Kwana biyu bayan haka, wasiƙa ta zo makaranta. Majalisa ta jingine koken, domin akwai sa hannun ƙarya a ciki. Magana ta bazu a unguwa. Wasu suka ce Malam ne. Wasu suka ce ai takardar layin tela ce. Wata mata ta zo ta karɓe yadinta, ta fita ko sallama babu.

Umma ba ta ce komai ba. Ta ci gaba da taka kekenta. Shirun nan ya fi bulala zafi a wurin Tsuntsuwa.

Washegari da aka tashi, ta ga wata 'yar aji ɗaya a bakin titi. Ta sa ƙafa ta janye, ta sa ƙafa ta janye. Motoci sun ƙi tsayawa. Yarinyar ta fashe da kuka. Tsuntsuwa ta kama hannunta suka tsallaka tare. Daga nan ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban keken Umma.

"Umma, ni ce," ta ce, hawaye na zuba. "Goma sha ɗaya ne na gaskiya. Sauran ni na rubuta."

Umma ta tsayar da keken. "Na sani tun ranar da wasiƙar ta zo. Jira nake ki faɗa da bakinki."

"Don ƙanina na yi."

"Na san don shi kika yi. Amma kin ga garin neman gira an kusa rasa ido. Wanke fuskarki. Gobe za mu je inda takardar take."

Ofishin ƙaramar hukuma yana da dogon benci a baranda. Suka zauna kusan awa guda. Fanka na juyi a sama tana ƙara. Da aka kira su, suka tarar da Injiniya da Kansila, ga fayil-fayil tsibi a kan tebur.

 Tsuntsuwa ta faɗi komai, har biro ukun.

"Ba ruwan Malam, ba ruwan Ummata," ta ce. "Don Allah kada a hukunta yaran makarantarmu saboda ni."

Kansila ya girgiza kai. "Kin ba ni kunya a gaban majalisa, yarinya."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Injiniya ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Kin san abin da ya sa muke neman sa hannu?"

"Don a ga suna da yawa."

"A'a. Sa hannu muryar mutum ce. Unguwanni da yawa suna kawo koke, kuma ba za a iya yin duka a lokaci ɗaya ba. Da muryoyin nan muke gane inda aka fi matsuwa. Idan kika yi magana da bakin wani bai sani ba, kin ƙwace masa muryarsa. Kuma gobe ko kun faɗi gaskiya, za a yi shakka."

Tsuntsuwa ta sunkuyar da kai.

"Amma na ga titin da idona," in ji Injiniya. "Yana da haɗari. Kuma ba kowane babba ne zai iya zuwa nan ya ce ni na yi ba." Ta miƙo sabuwar takarda da ɗan akwatin tawada. "Majalisa za ta sake zama bayan wata guda. Wanda bai iya rubutu ba, ya dangwala."

Wata guda! Tsuntsuwa ta ji nauyin abin. Saboda gaggawarta, yara za su ƙara wata guda suna tsallaka titin nan haka.

Ta fara da rumfar Baba mai faci. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ta karanta masa koken daga farko har ƙarshe.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Kullum ina nan ina ganin yaran nan, gabana na faɗuwa. Da kin zo tun farko, ai da yatsu goma zan dangwala."

Ya dangwala. Sannan ya ɗaura jan ƙyalle a sanda. Daga ranar, safe da rana, shi ke tsayar da motoci yara su wuce.

Tsuntsuwa ta bi gida-gida. Wasu suka yi mata faɗa, ta saurara. Mutum biyu suka ƙi sa hannu, ta yi musu godiya ta wuce. Gidan da ba kowa, ta koma sau uku. Ta samu ashirin da takwas, kowanne na mai shi.

Ranar zaman majalisa, Malam da iyaye suka je suka zauna a baya. Kansila ya karanta koken. Injiniya ta bayyana abin da ta gani. Aka yi muhawara, aka ɗaga hannu. Majalisa ta ce gadar sama sai nan gaba. Amma ta amince da sauran.

Ba a yi mako uku ba ma'aikata suka zo. Suka yi tudu biyu, ɗaya kafin makaranta, ɗaya bayanta. Suka shafa farin zane. Suka kafa allo mai hoton yara biyu riƙe da hannun juna.

A makon ne aka cire wa ƙaninta filasta. Da safe suka tsaya a bakin zanen. Wata babbar mota ta taho, ta rage gudu, ta tsaya cak. Direban ya yi musu alama da hannu.

"Yaya, mu ya tsaya wa?" in ji ƙaninta, ido waje.

"Mu ya tsaya wa. Taho, kada ka yi gudu."

A aji, Malam ya tambaye ta ko akwai abin da za ta faɗa wa 'yan'uwanta. Tsuntsuwa ta miƙe.

"Ko abin da kake nema mai kyau ne, kada ka neme shi da ƙarya," ta ce. "Ƙarya ta ja mana wata guda. Gaskiya ce ta gyara mana titi."

Malam ya miƙa mata alli. Ta rubuta shi a allo, 'yan aji suka kwafa a littattafansu.